Yadda Ake Haɗa Batirin Litiyam Ba Tare Da Ya Kama Da Wuta Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mutane da yawa suka ajiye janareta suka koma sola, masu gyaran lantarki kuma suka shiga haɗa batirin litiyam da hannunsu, wasu da sababbin ƙwayoyi (ƙananan batiran da ake jerawa su zama babban batir), wasu da waɗanda aka ɓare daga tsofaffin batiran laftof. Tambayar da ake yawan aiko min ita ce yadda za a haɗa shi ya yi aiki, bai yi zafi ba, bai tashi gobara a ɗaki ba. Ga matakan bi da bi.

Ka riƙe lambobi biyu kafin ka taɓa komai. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan ƙwayoyi sun yarda a yi musu caji ne tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos, a ja wuta daga jikinsu kuma har zuwa wajen digiri 60. A Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa. Wato batirinka bai fara aiki ba ma, saura digiri kaɗan ya kai iyaka. Shi ya sa haɗin da ya zauna lafiya a bidiyon wani Bature zai iya cutar da kai a ɗaki mai rufin kwano. Idan ƙwaya ta haura digiri 80 zuwa 120, sinadaran cikinta kan fara rushewa suna ƙara fitar da zafi. A wajen digiri 130 siririyar robar da ta raba ɓangarorinta biyu takan fara narkewa. Daga nan zafin yana hura kansa, ƙwaya ɗaya ta kunna ta kusa da ita. Duk matakan da ke ƙasa don kada a kai wannan gaɓa ne.

1. Zaɓi irin ƙwayar da ta dace

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ake rubuta wa 3.6V ko 3.7V, tana cika a 4.2V, irin ta laftof da keke mai lantarki. Yawanci doguwa ce mai lamba 18650, wato kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Akwai kuma LiFePO4, mai 3.2V, tana cika a 3.65V.

Idan batirin gida ne ko shago, wanda zai zauna wuri ɗaya kusa da inda mutane ke kwana, ka ɗauki LiFePO4. Ta fi nauyi, amma ta fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma ko ta lalace ba ta saurin tashi da harshen wuta. Ɗayar sai inda nauyi da girma suka zama dole, kamar babur ko abin da za a rataya a kafaɗa.

Gargaɗi: yawancin ƙwayoyin 18650 na gaskiya ba sa wuce kusan 3500mAh (ma'aunin yawan wutar da ƙwaya ke riƙewa). Duk wadda ka ga an rubuta mata 6800 ko 9900, jabu ce. Ta gaske tana da nauyin giram 45 zuwa 50. Ka ɗora a ƙaramin sikeli, idan ta yi shafal ka mayar wa mai ita. Kada kuma ka gauraya iri biyu, ko sabuwa da tsohuwa, a batir ɗaya.

2. Tara kayan aiki

Za ka buƙaci mitar awon lantarki, na'urar gwada ƙarfin ƙwaya irin su LiitoKala Lii-500 ko Opus BT-C3100, mitar auna turjiyar ciki irin YR1035 idan da hali, injin walda na ɗigo, zirin nikel, robobin jera ƙwaya, zoben takarda mai hana shot (haɗuwar + da − kai tsaye), salatif ɗin Kapton mai ruwan zuma, BMS (na'urar da ke yanke wuta don kare batir), fiyus, wayar jan ƙarfe, da ƙaramar bindigar auna zafi. Ka ajiye bokitin ƙarfe cike da yashi a gefen teburin aiki, da gilashin kare ido.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, amma tsarin kuɗin ba ya canzawa. Ƙwayoyin su ne ke cin kaso mafi girma. Injin walda ne mafi tsada a kayan aiki, kuma mutum biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su saya. Zoben takarda, robobi da fiyus kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ne mutane suka fi tsallakewa. Idan kuɗi ya gaza, rage girman batirin. Kada ka rage kayan kariya.

Gargaɗi: cire zobe da agogon ƙarfe. Naɗe jikin sufana da sukundireba da salatif, ka bar bakin kawai. Tebur ya zama na katako, ba na ƙarfe ba.

3. Tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna, musamman ga mai amfani da ƙwayoyin laftof.

Fara da ido. Wadda ta loɓa, ta yi tsatsa, ta kumbura, ko ka ga alamar ruwa ya tsatso a kanta, ware ta. Wadda rigarta ta yage amma jikinta lafiya, a sake mata riga kafin a ci gaba.

Sai awo. Ƙwayar 3.7V da ka samu ta faɗi ƙasa da 2V, ka haƙura da ita. Na san akwai masu "tayar" da irin wannan ta hanyar ɗana mata wuta har ta farfaɗo, kuma takan farfaɗo ɗin. Matsalar ita ce idan ƙwaya ta daɗe a ƙasa haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan narke ya bi ruwan sinadarin, idan aka sake caji ya taru ya zama ƙananan ƙayoyi da za su iya huda robar tsakiya. Ba ranar za ta nuna ba. Sai bayan watanni, tana tsakiyar batir, cikin dare.

Waɗanda suka tsallake, yi musu caji a hankali kana taɓa su. Duk wadda ta yi zafin da ya fi na sauran a fili, fitar da ita. Bayan sun cika a 4.2V, rubuta musu lamba, ka ajiye su mako biyu zuwa huɗu ba a taɓa ba. Ka sake aunawa. Mai lafiya za ta sauka kaɗan ne kawai. Wadda ta zube zuwa 4.0V ko ƙasa tana zubar da wuta a cikinta, kuma wutar da ke zuba zafi take komawa. Wannan jiran shi ne mutane ba sa so, alhali shi ke fallasa ƙwayar da mita ba ta kama ba a rana ɗaya.

A ƙarshe gwada adadin wutar da kowace ke riƙewa, ka rubuta a jikinta. Wadda ta faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da kamfani ya rubuta, ka bar ta ga tocila. Idan kana da mitar turjiya, ka haɗa masu awo kusa da juna, ka fitar da duk wadda awonta ya ninka na 'yan uwanta.

4. Yi lissafi a takarda

Haɗin siris, wato kan wannan da gindin waccan, shi ke ƙara bolt. Haɗin faralel, kai da kai gindi da gindi, shi ke ƙara yawan wuta da amfiyar da batir zai iya bayarwa. LiFePO4 huɗu a siris suna ba da 12.8V, takwas 25.6V, goma sha shida 51.2V. A ƙwayar 3.7V, goma sha uku a siris su ne batirin 48V, mai cika a 54.6V.

Abin da ya shafi zafi shi ne amfiya nawa kowace ƙwaya za ta ɗauka. A ce babur mai injin wat 500 a kan 48V: zai ja amfiya 10 da ɗoriya, ya fi haka a tashi ko hawan tudu. Idan ka sa ƙwaya huɗu a faralel, kowace za ta ɗauki kusan amfiya biyu da rabi. Sabuwar ƙwayar da aka ƙera don ja mai ƙarfi ba za ta ji komai ba. Tsohuwar ƙwayar laftof kuwa ba a yi ta don haka ba. Ka lissafa mata amfiya ɗaya, wato kana buƙatar goma ko fiye a faralel.

Ka tuna, idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. A yanayinmu, ka tsara batir yadda ƙwaya za ta yi aiki da rabin abin da takardar kamfani ta ce tana iyawa.

Wajen rabo, ka jera ƙwayoyin yadda jimillar ƙarfin kowane rukunin faralel zai yi daidai da na sauran. Rukunin da ya fi rauni shi zai riga cika, ya riga ƙarewa, ya fi shan wahala.

5. Jera su da rata, ka rufe inda shot zai iya faruwa

Kafin ka haɗa ƙwayoyi a faralel, ka tabbata bambancin bolt ɗinsu bai wuce 0.05V ba. Idan ya yi yawa, mai cika za ta kwarara wuta cikin maras cika ba tare da wani birki ba.

Yi amfani da robobin jeri. Suna barin 'yar rata ta milimita ɗaya ko biyu, iska ta ratsa, kuma jikin ƙwayoyi ba ya gugar juna. Manna su da gam mai zafi jiki da jiki yana rage wuri, amma gam ɗin yakan saki idan zafi ya yi, kuma a kan babur girgiza takan cinye rigar har ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Ga wani abu da sababbin hannu da yawa ba su sani ba. Duk jikin gwangwanin 18650, har kafaɗar da ta kewaye kanta, ɓangaren − ne. Ɗan tsakiyar kan ne kawai +. Tsakaninsu milimita kaɗan ne, kuma siririyar riga ce kawai ta rufe kafaɗar. Idan zirin nikel ya yi zafi ko ya goga har ya yanke rigar, ƙwayar ta yi shot kai tsaye, a wurin da BMS ba shi da ikon yanke komai. Saboda haka kowane kai sai an manna masa zoben takarda kafin nikel ya hau. Babu ragi a nan.

Manyan ƙwayoyin LiFePO4 masu siffar akwati, irin na 100Ah ko 280Ah, jikinsu alminiyom ne da aka lulluɓe da siririyar leda shuɗiya. Sa farantin roba mai tauri tsakanin kowace biyu, da tsakaninsu da akwatin. Bakin fitar da iska da ke samansu ya kalli sama, kada a ɗora masa komai.

6. Walda

Walda ta ɗigo tana gamawa cikin ƙiftawar ido, zafin bai samu shiga ciki ba. Ƙarfen dalma kuwa sai ya daɗe a kan ƙwaya kafin dalmar ta kama, zafin ya ratsa ya lalata robar hatimi da ke ƙarƙashin kan. Kada ka yi wa jikin ƙwaya dalma. Idan za ka haɗa waya da nikel, ka yi dalmar a kan zirin tun kafin ka ɗora shi, ko a wani kunne da ya fito nesa da ƙwaya.

Gwada ƙarfin injin a kan matacciyar ƙwaya. Ka fizge zirin da filaya: idan ya ɓalle salin alin, waldar ba ta kama ba, idan ya yage ya bar ɗigo a jiki, ta yi, idan ta huda ko ta yi baƙi, ƙarfin ya yi yawa. A gindin ƙwaya ka kauce wa tsakiya cif.

Gargaɗi kan nikel: da yawan abin da ake sayarwa ƙarfe ne aka shafa wa nikel a sama, kuma ya fi na gaske yin zafi sosai. Kankare ɗan guntu ka jefa a ruwan gishiri. Idan ya yi tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, jabu ne. A dutsen wasa wuƙa kuma na jabu yana feshin tartsatsi, na gaske ba ya yi sosai. Zirin gaske mai kaurin milimita 0.15 da faɗin milimita 8, ka lissafa masa kusan amfiya 5. Hanyar siris ita ce ke ɗaukar dukkan wutar, don haka a nan ake ninka ziri ko a yi hanyoyi da yawa, kowace ƙwaya da tata.

Kana gama layi, ka rufe shi da takarda ko Kapton kafin ka shiga na gaba. Guntun nikel ɗaya da ya suɓuce ya faɗa kan buɗaɗɗen layi ya isa.

7. Sa BMS

BMS ne ke yanke wuta idan caji ya wuce, ko batir ya sauka da yawa, ko an ja fiye da ƙima, ko zafi ya hau. Batirin litiyam da babu shi bai kamata ya fita daga shago ba.

Ka saya wanda ya dace da irin ƙwayarka da adadin siris ɗinka. Idan ka sa BMS na ƙwayar 4.2V a kan LiFePO4, zai zuba ido caji ya wuce 3.65V bai yanke ba. Amfiyarsa kuma ta fi abin da za ka ja da aƙalla kashi ɗaya cikin uku, domin shi ma yana zafi. Ka nemi mai wayar auna zafi. Irin su JK, JBD da Daly suna da samfuran da ake saitawa ta wayar hannu, ka ga bolt ɗin kowane rukuni da idonka.

Tsarin haɗawa: zare filogin ƙananan wayoyi daga jikin BMS tukuna. Haɗa babbar wayar B− da gindin batir. Sannan ka bi ƙananan wayoyin ɗaya bayan ɗaya daga rukunin farko zuwa na ƙarshe. Kafin ka mayar da filogin, sa mita a bakinsa ka bi ramukan: bolt ya riƙa hawa daidai daidai daga rami zuwa rami. Idan ka ga tsalle ko ja da baya, akwai wayar da ta sauya wuri, kuma da ka cusa da BMS ya ƙone. Ƙananan wayoyin nan kada su bi ta kan nikel tsirara ko kaifin ƙarfe. Shimfiɗa musu takarda a ƙasa.

Kan wayar auna zafi a manna shi a jikin ƙwayar da ke tsakiyar batir, inda zafi ke taruwa. Barinsa yana lilo a iska ko manne da bangon akwati daidai yake da babu. Saita shi ya tsayar da caji a digiri 45, ya tsayar da ja a 60.

8. Fiyus da waya

BMS na'ura ce, tana iya mutuwa a kunne ba ka sani ba. Sa fiyus a babbar wayar +, kusa da batir iya yadda zai yiwu. Ya zama na DC, wato irin wutar batir, mai bolt da ya kai na batirinka. Birekan wutar NEPA ba a yi shi don wannan ba. Wutar DC takan ja tartsatsi ta ci gaba da ci a cikinsa bayan ya faɗi.

Inbata mai wat 1000 a kan 12V tana jan kusan amfiya 90 zuwa 100, mai wat 5000 a kan 48V kuwa tana jan sama da amfiya 100. Wannan yana son wayar jan ƙarfe mai kaurin 25 zuwa 35mm², gajera. Kankare bakin wayar kafin ka biya: idan cikin silin fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. A matse kan waya da abin matsewa na gaske, ba a buga da guduma ba. Gobara da yawa da ake ɗora wa batir daga sako-sakon noti take farawa. A ɗaure gwargwadon abin da takardar ƙwayar ta faɗa, domin wuce gona da iri yana cinye zaren noti, sannan a sake dubawa bayan makonnin farko.

9. Akwati da wurin zama

Akwatin ƙarfe da aka shimfiɗa wa roba a ciki ya fi na katako ko kwali. Kada a toshe shi ruf. Bar ƙofofin iska a ƙasa da sama, ka sa musu raga saboda ƙura da ƙadangare. Naɗe batir da soso ko bargo don kada ya motsa yana riƙe zafi a ciki. BMS ya zauna a gefe, farantinsa yana shan iska, ba a kwance kan ƙwayoyi ba.

Wurin ajiya ya zama mafi sanyi a gidan: ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka da yamma, a ɗan ɗaga shi daga daɓe saboda ruwan damina. Ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba, ba kusa da tukunyar gas ko jarkar fetur ba, ba ƙarƙashin gado ba. Mafi muhimmanci, kada ya zauna a bakin ƙofa ko zauren da shi kaɗai ne mafita. Gidajenmu da yawa tagoginsu da ƙarfen kariya. Idan wuta ta tare ƙofa, babu ta inda za a fita. Bar tazara tsakaninsa da inbata, domin ita ma tana huro iska mai zafi.

10. Caji na farko da saiti

Yi shi a waje ko a fili, da rana, kana tsaye. Caja ta zama ta litiyam mai bolt daidai: 14.6V ita ce iyakar LiFePO4 huɗu, 54.6V ta ƙwayar 3.7V goma sha uku. Fara da ƙaramar amfiya, kana duba bolt ɗin kowane rukuni. Idan ɗaya ya yi gaba ya bar sauran, tsaya ka binciko dalili.

A inbata ko na'urar cajin sola, fitar da saitin daga na batirin ruwa. Kashe cajin daidaitawa da ake yi wa batirin ruwa lokaci lokaci, wanda kan haura 15V. Ga LiFePO4 na 12V, tsayar da caji a 14.2 zuwa 14.4V ya wadatar, kuma ƙwayoyin sun fi daɗewa. Caja ce ya kamata ta tsaya da kanta; idan kullum BMS ne ke yankewa, saitinka bai yi ba.

Sai gwajin kaya. Kunna duk abin da batirin zai ɗauka na rabin awa, ka bi da bindigar zafi kan kowane noti, fiyus, ziri da BMS. Wurin da ya fi maƙwabtansa zafi a fili, akwai matsala a nan. Batirin babur da ya dawo daga aiki a bar shi ya huce kafin a sa a caji, kuma kada a bar shi a caji a kwanta barci. Wanda za a ajiye na dogon lokaci a bar shi da kusan rabin caji.

11. Idan ya fara nuna alama

Kumburi, zafi alhali ba a amfani da shi, ƙarar tsiii, wari mai kama da na tinar fenti, ko farin hayaƙi: kashe caja da inbata, yanke wutar NEPA. Idan ɗumi kawai ya yi kuma ƙarami ne, fitar da shi fili kan yashi ko siminti, nesa da bango. Idan hayaƙi ya fara fita, kada ka ɗauka. Fitar da kowa, ka kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 a Najeriya. Hayaƙin nan guba ne, yana ɗauke da iskar da ke ƙona huhu, kuma shi kansa yana iya kamawa da wuta idan ya taru a rufaffen ɗaki.

Abin kashe gobara mai hoda yana kwantar da harshen wuta amma ba ya sanyaya cikin ƙwaya, shi ya sa takan sake tashi. Ruwa mai yawa, daga nesa, bayan an tabbatar an yanke wutar gida, shi ke sanyaya ƙwayoyin da ba su kama ba tukuna. Kofi ɗaya ko buta ba za su yi komai ba. Bayan ta mutu, a bar batirin a waje aƙalla kwana ɗaya ana lura da shi, kada a mayar da shi ɗaki.

Ƙwayoyin da ka ware tun mataki na uku, rufe kawunansu da salatif, ka zuba su a bokitin ƙarfe mai yashi a inuwa. Kada su shiga shara, domin ana cinna wa bola wuta kuma yara na wasa a gefenta. Idan za ka ba 'yan gwangwan, ka gaya musu litiyam ne, kada su fasa da guduma ko su haɗa da ƙarafan da za a narka.